Gahawar Ƙarfe Goma a Gidan Solveig

Shekara hamsin da biyu Orrin Haugland yana shan gahawar matarsa Solveig, bai taɓa tambayar yadda ake yin ta ba. Iyakar saninsa shi ne abin da kowa ya sani a garinmu: akwai shuɗiyar buta, akwai ƙwai. Solveig takan fasa ƙwai ɗaya har da ɓawonsa, ta cakuɗa shi da garin gahawa, ta zuba a ruwan zafi, can kuma ta kwara ɗan ruwan sanyi, sai garin ya dunƙule ya kwanta a gindin buta. Abin da ke fitowa garau yake kamar tatacciyar zuma, babu ɗaci babu tsaki. Haka kakanninmu suka ƙetaro teku da abin, kuma duk matar da ta taɓa dafa wa jama'a a ɗakin ƙasa na coci ta iya shi. Amma iyawa suna ta tara. Ko Gunvor maƙwabciyarsu, wadda tun da uwarta ta haife ta ba a taɓa jin ta yabi wani abu ba, takan shanye kofi uku na gahawar Solveig, ta goge baki ta ce, "To, ba laifi."

Ƙarfe goma na safe ƙofar kicin ɗinsu a buɗe take. Ba a gayyatar kowa, ba kuma mai ƙwanƙwasawa. Mutum ya karkaɗe ƙanƙarar takalminsa, ya ja kujera, ya danne ƙwayar sukari da haƙori ya fara kurɓa. A kan wannan teburin aka sasanta rigimar iyakar gona fiye da sau goma, a nan kuma aka ƙulla auren mutane da dama tun su kansu ba su sani ba.

Sai idon Solveig ya fara dushewa. Tsakiyar ganin ne ya tafi, ya bar mata gefe-gefe, har ya zamana in ta dube ka tana ganin kafaɗunka amma ba ta ganin fuskarka. Ta ɓoye abin iyakar ƙoƙarinta, don Solveig mace ce da ta gwammace ta faɗi a rami da ta ce a riƙe mata hannu. Ranar wata Talata cikin hunturu ta ɗaga buta za ta zuba wa Gunvor, ta saɓa wa kofin, tafasasshiyar gahawa ta kwarara a wuyan hannunta na hagu. Ta dire butar a kan tebur. Gunvor ce ta yi ihun a madadinta, ita ce kuma ta buga wa 'yar Solveig, Britta, waya a Minneapolis.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Britta ta ɗauko taurin kan uwarta kaf, ta ƙara da na aikin asibiti. Ta iso da yamma, ta kwance bandejin ta duba, ta ɗaure, sannan ta ɗauke shuɗiyar butar ta kai mota ta kulle.

"Mama, kin gama da wuta," in ji ta. "Akwai gidan tsofaffi kusa da ni, mai kyau, na riga na karɓo takardarsu. Ɗaki biyu, har da taga mai kallon lambu."

"Lambun wa?" in ji Solveig.

"Mama, don Allah."

"Su wa za su shigo mini ƙarfe goma a can? Ko tagar ce za ta ja kujera?"

Britta ta juya wajen ubanta. "Baba, kai fa ko ruwan zafi ba ka iya dafawa ba, kar ka ce za ka karɓe ta."

Orrin bai musa ba, gaskiya ce. Ya dai yi ta juya hularsa a hannu har ya samo magana, ya ce ai akwai injinan nan da ke dafa gahawa da kansu, babu wuta babu ɗaga tukunya. Britta ta kalli hannun uwarta. Daga ƙarshe ta ce ta ba su zuwa Asabar ta sama. Za ta dawo ƙarfe goma daidai, in ta ga Mama ta haɗa gahawa ta zuba da hannunta lafiya, za ta koma da takardarta. In kuwa ba haka ba, su fara ɗaure kaya.

Ranar Alhamis Orrin ya tayar da tsohuwar a-kori-kurarsa suka nufi Duluth. Tsoro ne fal cikinsa, ba kuma na hanya ba. A gidan nan aka haife shi, ubansa ne ya kafa matakalar ƙofar, shi kuma bai san yadda mutum ke farkawa a ɗakin da ba ya jin kukan katakon da ya saba ba. Ya ɗauka sayen injin abu ne na minti biyar: ka nuna, ka biya, ka ɗauka.

Da suka shiga shagon sai ya tsaya a bakin ƙofa baki buɗe. Bango guda tun daga ƙasa har sama injinan gahawa ne, wasu na ƙarfe suna walƙiya, wasu baƙaƙe masu ƙananan fitilu, wani ma da jan ƙarfe aka yi masa wuya. Ƙamshin wurin kuwa sai da ya ji shi har a ƙoƙon kansa. Shi da ya yi rayuwarsa yana zaton gahawa iri biyu ce, ta Solveig da ta gidan mai, ga buhuna jere kowanne da sunan dutsen da aka noma shi. Ya cire hularsa ba tare da ya sani ba, kamar wanda ya shiga coci.

Mai shagon, wani dattijo mai furfurar gemu da ake kira Wendell, ya tarye su da fara'a. Orrin ya yi masa bayani a taƙaice, yana rage murya wajen maganar ido.

"Ɗaga muryarka, tsoho," in ji Solveig. "Idona ne ya tafi, kunnena yana nan."

Wendell ya yi dariya, ya ce su zo ya nuna musu sarkin shagon. Wani dogon inji ne mai allo a goshi, ana shafa shi da yatsa, kuma wai daga kan gado mutum zai iya ba shi umarni ta waya.

"Ina abin dannawa?" Solveig ta tambaya, tana lalube.

"Babu, Mama, shafawa ake yi."

"Shekara hamsin ina lallashin wannan," ta nuna Orrin da haɓa, "yanzu kuma in koma lallashin inji? Wuce da shi."

Na biyun yana da tulun gilashi a kan faranti mai zafi. Ta kai bayan hannunta kusa da farantin, ta janye, ta ce wannan murhu ne ya sake riga, kuma gahawar da ta zauna a kansa rabin awa ta zama maganin tari. Wendell ya dube ta da kyau a karo na farko. Ya ce to bari a daina magana, a dafa. Ya sauko da inji uku masu tulun ƙarfe irin na filas, ya jera su a kan kanta, ya auna gari iri ɗaya ya zuba wa kowanne a cikin takardar tacewa, ya cika su da ruwa. Ya ɗauko wani siririn ma'aunin zafi ya riƙe a hannu. Ya ce sirrin duka yana wurin ruwa: in bai kai wajen digiri ɗari biyu a awonmu na nan ba, wato dab da tafasa, gahawa ta yi lami, in ya zarce ta ƙone.

Ya kunna na farko. Injin ya fara gurnani, ruwa ya fara ɗiga. Solveig ta karkata kai gefe kamar kaza mai sauraron shaho.

"Wannan raggo ne," ta ce. "Ruwansa bai yi zafi ba ya fara zubawa. Yana sauri ya gama ya huta."

Wendell ya ɗaga murfi ya tsoma ma'auninsa. Ya duba, ya sake dubawa, ya juyo da shi wajen Orrin. Ɗari da tamanin da biyu.

"Mama, ta yaya kika sani?"

"Ba ka ji ba? Ruwan da bai nuna ba kukansa kauri gare shi. In ya kai, sai muryarsa ta sirance."

Orrin ya kasa kunne iya ƙarfinsa, bai ji komai ba sai ruwa. Aka kunna na biyu. Wannan karon ta bari ya yi nisa, tana shaƙar tururin, sannan ta ce zafinsa ya yi, amma wuri ɗaya yake zuba ruwan, tsakiya ta jiƙe sharkaf gefe yana nan a bushe, tana jin ƙamshin ɗanyen gari. Wendell ya buɗe kwandon. Ga rami a tsakiya kamar an soka yatsa, ga busasshen gari zagaye da shi. Ya ajiye ma'aunin a kan kanta a hankali, ya harɗe hannu.

Na ukun ba shi da wani ado. Maɓalli ɗaya ne a gefensa, babba, mai ƙara in an danna. Solveig ta danna da kanta. Injin ya yi shiru na ɗan lokaci yana tara zafi, sannan ya yayyafa ruwa kaɗan, ya tsaya cak.

Orrin ya ce, "Af, ya lalace."

"Yi shiru," in ji Solveig, da wata murya da bai taɓa jin ta da ita ba sai a wajen addu'a. "Jira yake yi. Ya jiƙa garin, yana jira ya kumbura ya yi numfashi. Wa ya koya masa wannan?"

Wendell ya buɗe murfin kaɗan don Orrin ya leƙa. Garin ya taso ya yi tozo, yana fitar da ƙananan kumfa masu fashewa ɗaya bayan ɗaya, kamar ƙullin burodi. Ƙamshin da ya bugi Orrin shi ne ƙamshin kicin ɗinsu da ƙarfe goma saura kwata, sak. Wendell ya ce masu ƙera injin sun shekara da shekaru suna gwaji da ma'aunai kafin su gano amfanin wannan ɗan jiran.

"Da sun zo sun tambayi uwata," in ji Solveig. "In ka kwaɓa gari da ƙwai, ai sai ka bar shi ya huta kafin ya ga wuta. Rabin Addu'ar Ubangiji, haka take aunawa."

Injin ya ci gaba da yayyafi, a hankali, ko'ina. Da ya gama Wendell ya zuba mata, ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye. Ta ajiye kofin. Sannan ta ce, "To, ba laifi," da muryar Gunvor, har Orrin ya tuntsire da dariya. Kuɗin injin sai da ya sa shi tari, amma ya biya bai ko nemi ragi ba. Wendell da kansa ya ɗauki kwalin ya kai mota, ya riƙe hannun Solveig na dama da hannu biyu, ya ce shekararsa talatin a wannan sana'a, yau ne ya ga wadda ta fi ma'auninsa.

A hanyar komawa Orrin ya yi ta satar kallonta. Mamaki ne ya cika shi, da wata 'yar kunya. Ashe duk safiyar nan da yake zaune yana karanta farashin masara a jarida, wani babban aiki ake yi a bayansa, taku uku daga kujerarsa, shi kuwa ya ɗauka ruwa ne kawai ake tafasawa.

Sati guda Solveig tana koyon injin, tana shafa shi lungu-lungu har ta san shi kamar tafin hannunta. Masu zuwa ƙarfe goma suka sha, suka ce ta yi daɗi. Amma ranar Juma'a Gunvor ta ajiye kofinta ta ce, "Daɗi kam akwai. Sai dai gahawar da ba ƙwai, ai marainiya ce." Ta faɗa ne don kada bakinta ya yi tsatsa, kowa ya sani. Orrin kaɗai ya ɗauki maganar ya sa a zuciya.

Asabar da safe, Solveig tana sama tana gyara gashinta, sai tsohon nan ya tsaya gaban injin yana tunani. Britta da gahawar ƙwai ta girma. In ta kurɓa ta ji babu, ba za ta ce an rage wa Mama wani abu ba? Ai gara ya gwada tukunya ɗaya kafin ta iso, ya ba matarsa mamaki. Karambanin akuya, gai da kura. Ya shimfiɗa takardar tacewa, ya zuba gari, ya fasa ƙwai a kai har da ɓawo kamar yadda ya saba gani, ya juya da cokali, ya danna maɓalli, ya koma gefe yana murmushi.

Injin ya yayyafa, ya jira, ya ci gaba, shi ba ruwansa. Ruwan zafi ya dafa ƙwan nan take, ya liƙe takardar ruf. Ruwa ya rasa hanya ya cika kwandon, ya tumbatso, baƙi, da gari da farin ƙwai yana yawo a ciki, ya bi kanta ya gangaro ƙasa.

Tun daga bene Solveig ta ji kukan injin ya sauya. Ta sauko da sauri tana dafa bango, ta kai hannu ta kashe shi, ta jawo tsumma. Tana tsaye tsakiyar ɓarnar, silifas ɗinta a jiƙe, bandeji a hannu, ƙofa ta buɗe. Britta ce, da jakarta a kafaɗa, Gunvor na biye da ita.

Britta ta dubi ƙasa, ta dubi uwarta. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Idonta ne ya ciko, ta ce a hankali, "Shi ke nan, Mama. Kin yi ƙoƙari. Zo ki zauna."

Solveig ta matse tsumman da ke hannunta. Ta san wanda ya yi, tun daga ƙaurin ƙwan, amma ba ta ko juya wajensa ba. Orrin ya gane rufa masa asiri za ta yi, a gaban Gunvor, ko da gidan ne zai tafi. Nan ya matso gaba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

"Ni ne," ya ce. "Ni na sa masa ƙwai."

"Ka sa masa me?" in ji Britta.

"Ƙwai. Har da ɓawo."

Gunvor ta zube a kujera tana dariya har da buga tebur. "Orrin Haugland! Ka yi wa inji wainar ƙwai! Kai, yau ina da labarin kai wa coci."

Britta ba ta yi dariya ba. "To ai ka ƙara ba ni hujja, Baba. Ɗaya ba ta gani, ɗaya kuma ga abin da yake yi. In tafi in bar ku ku biyu a nan?"

"Britta," in ji Solveig. "Me muka yi da ke? Cewa kika yi ki ga na haɗa na zuba da hannuna. Kin gani?"

"Mama..."

"Ba ki gani ba. Zauna. Kai kuma tsoho, ga tsumma, duƙa ka goge aikinka. Ƙwan nan tace gari yake yi, shi ke nan aikinsa, yanzu kuwa takarda ta karɓe shi. Shekara hamsin da biyu, da ka tambaya da na gaya maka."

Ta wanke kwandon ta sa sabuwar takarda, tana bin gefenta da yatsa. Ta tara tulu a famfo, ba ta kalli layin awo ba, sauraro take yi, ruwan na hawa muryarsa na sirancewa, ta rufe famfon. Britta ta leƙa: daidai kan layi. Solveig ta juye ruwan a injin, ta mayar da tulun, ta ƙirga cokulan gari tana share kan kowanne da ɗan yatsa. Ta danna maɓalli. Kowa ya kasa kunne, har Gunvor. Injin ya yayyafa ya tsaya, leɓen Solveig na motsi, tana kaiwa rabin addu'ar ya ci gaba. Orrin yana durƙushe da tsumma a hannu, ya manta da abin da ya kai shi ƙasa. Can ta ɗaga yatsa ta ce, "Saura ɗigo uku." Suka ƙirga da ita. Na ukun na sauka injin ya yi ajiyar zuciya ya yi shiru.

Ta ɗauko tulun mai murfi, ta jawo kofin Britta. Britta ta miƙe tsaye ba shiri.

"A nan ne kika ƙone, Mama. Wajen zubawa."

"Na sani, ai hannuna ne. Kin san abin da ya ƙone ni? Kofin nake kallo. Idon nan ya ce mini yana nan, ashe yana can. Shi ya yi mini ƙarya, ni kuma na biye masa don kar Gunvor ta gane. Yanzu na sallame shi."

Ta rufe idanunta duka biyu. Ta kama hannun kofin da hagu, ta kawo bakin tulun har ya taɓa leɓen kofin ya yi 'yar ƙara, sannan ta karkata. Gahawa ta sauka siririya, garau, tururi na tashi a hasken taga. Muryar kofin na hawa, na hawa, ta tsaya saura faɗin yatsa ya cika. Ko ɗigo bai taɓa tebur ba. Ta zuba na Gunvor haka, ta zuba na Orrin, idonta a rufe.

An ce gani ya kori ji. A kicin ɗin nan dai ranar, Gunvor shaida ce, ji ne ya kori gani.

Britta ta zauna. Ta ɗauki ƙwayar sukari ta danne da haƙori kamar yadda take yi tun tana 'yar makaranta, ta kurɓa, hawaye na bin kumatunta ba ta share ba. Jakarta tana rataye a bayan kujera, kan takardar gidan tsofaffin ya leƙo waje. Ta kai hannu ta tura shi ciki, ta ja zif.

"Zan riƙa zuwa ranar Asabar duk bayan sati biyu," ta ce. "Butar kuma tana wurina, ba zan dawo da ita ba."

"Riƙe ta. Ki zo in koya miki, tun kunnen nawa yana aiki."

Gunvor ta miƙa kofinta a ƙara mata, ta buɗe baki za ta ce abin da ta saba, sai ta fasa. Ta ce, "Solveig, wannan ta yi." Ba wanda ya taɓa jin haka daga bakinta, har Orrin ya ɗago ya tabbatar ita ce.

Solveig ta laluba kwandon ƙwai a kan kanta, ta ɗauko ɗaya, ta kamo hannun mijinta ta sa masa a tafi, ta rufe yatsunsa a kai.

"Ungo. Tun ranar da aka ɗaura mana aure buta ke cinye ƙwai ɗaya kullum. Daga yau naka ne. Gobe in koya maka yadda ake dafa shi, a tukunya, Orrin, a tukunya."

Ya riƙe ƙwan da hannu biyu kamar za a ƙwace masa. A waje wani yana karkaɗe ƙanƙarar takalminsa a kan matakalar da uban Orrin ya kafa, Solveig kuwa har ta miƙa hannu ta sauko da wani kofin.